Narkewa, Sinadari da Ruwan Ciki: Amsoshin Wasiƙunku

Wata ɗaliba mai karatun sinadaran jikin halitta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina ta tambaya: "Malam, shin 'narkewar abinci' ta isa ta bayyana duk abin da jiki yake yi da abinci?"

Ba ta isa ba, 'yata, kuma wannan yana cikin abubuwan da ke damuna a shirye-shiryen lafiya na rediyo, inda ake jefa kalmar duk inda aka ga dama. Narkewa daga baki take farawa, ta bi ta tumbi, ta ƙare a hanji, inda tuwo yake komawa sukarin gulukos ya shiga jini. Abin da ke biyo baya kuwa a cikin ƙwayoyin halitta yake gudana, kuma "sarrafawa" ta fi dacewa da shi, domin ana rushe wani abu ne ana gina wani. Gulukos sai ya bi matakai 10 ake gama raba shi gida biyu, sannan a ƙara sauya abin da ya fito, ya shiga zagayen nan mai matakai 8 da masanin kimiyya Hans Krebs ya bayyana a 1937 a Ingila, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1953. Wanda ya kira duk wannan narkewa, a zaure ya tsaya ya ce ya ga gida.

Wani malamin makaranta daga Daura yana neman ma'anar "Da ruwan ciki ake jan na rijiya."

Malam, ma'anarta ita ce ba a samu sai da ɗan abin hannu, kamar yadda mai ƙishirwar da ta galabaita shi ba zai iya jan guga ba. Ɗalibai za su ga irin haka a matakan nan 10 na raba gulukos, domin ƙwayar halitta tana kashe ATP 2, wato sinadarin da ke ɗauke da kuzari, kafin ta sami 4. Sai dai ban yarda da masu cewa karin magana ta riga kimiyya gano wannan ba. Kakanninmu ma'aikaci mai yunwa suka lura da shi, kuma hikimarsu ba ta bukatar a ɗora mata abin da ba ta faɗa ba kafin a girmama ta.

Wani kuma ya ce: "Daga ina 'sinadari' ta fito?"

A wajen maƙera aka san ta, sunan abin da ake narkarwa a liƙe ƙarfe da ƙarfe. Daga nan ta faɗaɗa har ta shiga ɗakin gwaje-gwaje, kuma faɗaɗar ta yi kyau. Abin da bai yi kyau ba shi ne yadda masu tallar magani a kasuwa suke cewa "yana ɗauke da sinadarai", su yi shiru, alhali gishiri ma sinadari ne, guba ma haka. A riƙa faɗin wane ne, da aikin da yake yi.

Tambaya ta ƙarshe: "Saifa ce ke samar da insulin?"

A'a. Saifa aikinta tace jini ne, insulin kuwa, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini, daga wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi yake fitowa, wadda likitoci ke kira fankiriyas.