Tambayoyi da Amsoshi: Amfani da Alamomi a Dandalin Masu Binciken Nasaba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na shiga wani dandali na masu binciken nasaba a intanet, na rubuta tambaya a kan kakan mahaifina, amma har yanzu babu wanda ya tanka mini. Wani tsohon mamba ya ce matsalar tana ga alamomin da na liƙa wa tambayar, wato abin da ake kira tag. Na sa "taimako", "iyali" da "gaggawa". Ina gyaran yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam, malam. Wanda ya faɗa maka haka ya yi gaskiya, kuma dalilin yana cikin yadda irin waɗannan dandali suke aiki. Alama kalma ce da ake liƙa wa rubutu domin na'ura ta tara duk abin da ke ɗauke da ita a wuri guda, sannan ta kai shi ga mutanen da suka nuna suna bin wannan kalma. A WikiTree, alal misali, wani dandalin nasaba da aka buɗe a 2008, mamba yana zaɓar sunayen dangi da wuraren da yake bincike a kansu, sai a riƙa sanar da shi duk lokacin da aka yi rubutu mai ɗauke da su. Ke nan alama daidai take da adireshin da ke bayan ambulan, ita ce ke nuna hannun da wasiƙa za ta faɗa. Babu mai binciken da ke bin kalmar "gaggawa", ita kuwa "iyali" ta shafi kowane rubutu a dandalin, saboda haka ba ta bambanta naka da na kowa ba.

Abin da ya kamata ka fara sawa shi ne sunan dangin mutumin da kake nema, sai wurin da ya zauna, sai kuma irin takardar da kake fatan samu, kamar rajistar aure, ƙidayar jama'a ko jerin fasinjojin jirgin ruwa. A ce kana neman wani mai sunan dangi Haddad da ya yi ƙaura daga Labanon zuwa Birazil a farkon ƙarni na 20, alamominka su ne Haddad, Labanon, Birazil da ƙaura. Da waɗannan huɗun tambayarka za ta isa ga wanda ya san dangin, da wanda ya san kundayen ƙasar da aka baro, da wanda ya san na ƙasar da aka sauka, kuma ɗaya daga cikinsu ma ya isa ya buɗe maka hanya.

Kada ka cika alamomi da yawa wai don a fi ganinka. Sashen nasaba na Stack Exchange, wani shafin tambaya da amsa, bai yarda a wuce biyar ga tambaya ɗaya ba, kuma a ganina wannan ma'auni ne mai kyau ko a inda ba a sa iyaka ba, domin wanda ka jawo da sunan danginsa alhali tambayarka ba ta shafe shi ba, da wuya ya sake buɗe saƙonka. Idan ka fara rubutu a akwatin alama, na'ura takan nuna waɗanda ake amfani da su tun da farko. Zaɓi daga cikinsu maimakon ƙirƙirar sabuwa da babu mai bin ta. Ka lura kuma cewa a shafuka da yawa tazara tana raba alama gida biyu, shi ya sa ake haɗa suna mai kalmomi biyu da ɗan layi.

Tambaya: Sunan danginmu ana rubuta shi ta hanyoyi daban-daban a tsofaffin takardu, garin da kakanninmu suka fito kuma ya canja suna. Wanne zan sa?

Amsa: Malama, wannan ita ce matsalar da ta fi wahalar da sababbin shiga. A wajen neman suna cikin kundaye, shafuka da yawa suna amfani da dabarar haɗa sunaye masu sauti iri ɗaya, irin su Soundex da aka yi wa rajista a Amurka a 1918, wadda ke ba Smith da Smyth lamba ɗaya, S530. Alama kuwa galibi harafi da harafi ake gwada ta, don haka Muhammad, Mohammed da Mohamed alamomi uku ne a wajen na'ura, kowace da masu bin ta. Ki duba wanne rubutu ne ya fi yawan mabiya a dandalin ki sa shi, ki ƙara ɗaya idan yana da ƙarfi sosai, sauran kuma ki jera su cikin jikin tambayar, inda akwatin bincike zai iya gano su. A ɓangaren alamomin da kike bi ke da kanki, nan babu laifi ki bi dukan rubuce-rubucen, domin ba ki san da wanne ɗan'uwanki na nesa zai zo ba.

Game da wuri, ki ɗauki birnin Lviv na ƙasar Yukren. Lemberg ake kiransa a ƙarƙashin daular Ostiriya har zuwa 1918, ya zama Lwów a hannun Polan tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, aka san shi da Lvov a zamanin Tarayyar Sobiyet. Haka birnin Königsberg, wanda yake cikin Rasha a yau, ya koma Kaliningrad a 1946. Shawarata ita ce ki sa sunan yau a alama, tunda shi mutane suka fi bi, amma a cikin bayanin kakanki ki rubuta sunan da wurin yake da shi ranar da aka haife shi, domin wannan sunan ne zai nuna wace hukuma ta rubuta takardar, da wane harshe, kuma a ina za a same ta. Idan dandalinku yana da tasa ƙa'idar a kan wannan, ita za ki bi, ko da kina ganin taki ta fi.

Tambaya: Na yi wa mutanen da ke cikin bishiyar nasabata alamomi iri-iri. Idan na koma wata manhaja, za su bi ni?

Amsa: Kada ka dogara da hakan. Fayil ɗin da ake kwashe bishiya da shi daga manhaja zuwa manhaja sunansa GEDCOM, an ƙirƙiro shi a 1984, kuma fitowa ta 7.0 ta zo a 2021. Yana da nasa gajerun alamomin da kowa ya yarda da su, kamar BIRT don haihuwa, MARR don aure da DEAT don rasuwa. Abin da wani shafi ya ƙirƙira don kansa kuwa, manhajar da ta karɓi fayil ɗin tana iya watsar da shi ba tare da ta sanar da kai ba. Duk alamar da ke ɗauke da muhimmin bayani, ka maimaita ta a filin ƙarin bayani na mutumin, kuma ka gwada kwashewar kafin ka goge tsohuwar bishiyar.

Tunda ka ambaci waɗannan alamomi, akwai waɗanda nake roƙon kowa ya riƙe su da muhimmanci, wato masu nuna matsayin bincike. Shafin nasaba na Ancestry ya fito da wasu alamomi masu suna MyTreeTags a 2019, kuma a cikinsu akwai alamar abin da aka tabbatar, da wanda ba a tabbatar ba, da wanda hasashe ne kawai. A wannan fage mutane suna kwafar bishiyoyin juna, don haka uban da ka liƙa wa wani bisa zato yana iya bazuwa cikin bishiyoyi masu yawa har a ɗauke shi gaskiya saboda yawan maimaici. Alamar "hasashe" tana gargaɗin mai kwafa, tana kuma tuna maka inda aiki ya rage. A FamilySearch ma, wani shafin nasaba, ana iya nuna cewa wata takarda hujja ce ta suna, wata ta haihuwa, wata ta rasuwa, yadda mai dubawa zai san wane bayani ne yake da madogara.

Tambaya: Ina cikin masu kula da wani dandali irin wannan. Yaya za mu koya wa sababbi ba tare da mun kore su ba?

Amsa: Ranka ya daɗe, ku fara da amsa tambayar mutum kafin ku gyara masa alama, domin wanda ya zo neman kakansa ya tarar da tsawa a saƙon farko ba ya dawowa. Idan tsarinku ya ba ku damar gyarawa, ku gyara da kanku, sannan ku gaya masa a jimla ɗaya abin da kuka canja da dalilinsa, misali cewa kun ƙara sunan ƙasar ne domin masu bincike a kanta su gani. Saƙon maraba ya ƙunshi tambaya guda da aka yi wa alamomi daidai, tunda misali ɗaya ya fi shiga kai fiye da doguwar doka, kuma ku taimaka wa sabon shiga ya zaɓi sunayen da zai bi tun ranar farko, don ya ga da idonsa yadda alama ke kawo masa labari.

Ku ma akwai aiki a kanku, na haɗe alamomi masu ma'ana ɗaya lokaci-lokaci, domin sabon shiga abin da ya tarar yake kwaikwaya. Abu ɗaya da ba a yi masa sassauci shi ne sirrin rayayyu: ku bayyana tun farko cewa ba a sa cikakken sunan mai rai a alama, ba a liƙa sunansa a hoto sai da izininsa, kuma sakamakon gwajin DNA da ya tona wata alaƙa ba a yi masa alamar da kowa zai gani. Irin wannan idan kun gani ku cire shi nan take, bayani ya biyo baya a saƙon keɓe.