Ministoci sun zauna: in karɓi bashi in cika mota?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Jibiya. Ina saro atamfa da kayan roba a Kano in kai Maraɗi, in dawo da wake. Ina ta ji a rediyo cewa ministocin harkokin wajen Najeriya da Nijar sun gana, za a farfaɗo da ciniki. Wani ɗan'uwa ya yarda ya ranta mini naira miliyan 5 na wata uku. In karɓa in cika mota?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa wa kasuwa albarka.

Abin da ka ji gaskiya ne. A watan Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Najeriya a lokacin, Yusuf Tuggar, ya je Yamai ya zauna da takwaransa na Nijar Bakary Yaou Sangaré, sun tattauna batun ciniki da tsaro da layin dogon Kano zuwa Maraɗi. A watan Mayu kuma ministocin Mali da Burkina Faso da Nijar suka zauna da shugaban hukumar ECOWAS a Bamako. Alama ce mai kyau. Amma ni dai ba zan ci bashin wata uku a kanta ba.

Ai kai ganau ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, motoci suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela, albasa ta riƙa ruɓewa a cikin buhu. ECOWAS ta janye takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024. An buɗe washegari? Ina! Sai 13 ga Maris Najeriya ta ba da umarni, Nijar kuwa sai 22 ga wata. Kusan wata guda ke nan tsakanin maganar manya da ɗaga sandar shinge. Wanda ya yi lodi ranar da ya ji labari, shi ya ciyar da direba da yaron mota duk tsawon kwanakin nan. Jami'in duwan (kwastan ɗin Nijar) a shingen Ɗan Isa, kan hanyar Maraɗi, ba ya aiki da abin da rediyo ta faɗa, takardar da ke kan teburinsa yake dubawa.

Abin da ya fi damuna ma shi ne ƙafar dawowarka. A watan Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi, har da wake, sai zuwa Mali da Burkina. Kafin ka sa kwabo a wake, ka tabbatar daga bakin duwan ɗin kansu ko hanin yana nan. In yana nan, motarka za ta dawo fanko, atamfa ce kaɗai za ta ɗauki kuɗin zuwa da dawowa. Kada ka saurari mai ce maka akwai hanyar daji; ranar da aka kama, uwar kuɗi da riba duk sun tafi, ga kuma kuɗin mutane.

Sai harajin da Nijar da Mali da Burkina suka sanar a watan Maris na 2025, rabin kashi ɗaya cikin ɗari kan kayan da ke shigo musu daga waje. A kan miliyan 5, naira 25,000 ne. Bai kai ya karya ka ba, amma ka tambayi mai fitar maka da kaya ko ya hau kan naka.

Shawarata: ka karɓi miliyan 2 kawai, in ɗan'uwan zai yarda, ku rubuta da shaidu. Ka yi sawu biyu ƙanana maimakon babba ɗaya, ka rubuta duk abin da ka kashe tun daga Kantin Kwari har shagon Maraɗi, har da na shingaye. Sawu na biyu zai nuna maka ainihin ribarka.

Bashin da naira ka ci, ciniki kuma da sefa za ka yi. Sefa tana ɗaure da yuro, naira kuwa tun Yunin 2023 aka sake ta tana hawa da sauka. Don haka duk jikar sefa da ta shigo hannunka, ka canza kason mai bashi nan take wurin ɗan canjin da ka saba da shi, kada ka ajiye kana jiran farashi ya tashi. Kuma a wannan karon ban da bayar da kaya bashi a Maraɗi, ko da ga tsohon abokin ciniki ne.