Amsa ga mai binciken da korona ta tsayar

'Yar'uwa, da na ga tambayarki sai na ji kamar ni na rubuta: kullen korona na 2020 ya hana ki shiga ƙauyukan Kwali da Abaji yin bincikenki, wa'adin kuɗin tallafi kuma Disamba zai ƙare. Sannu, Allah ya kawo mafita.

Yau ɗin nan ki rubuta wa masu ba da tallafin takardar neman ƙarin wa'adi ba ƙarin kuɗi, tun lokaci bai ƙure ba. Ki jera ranaku: an kulle Abuja 30 ga Maris 2020, an sassauta 4 ga Mayu, tafiya tsakanin jihohi sai 1 ga Yuli, ga yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, da aka fara a Maris ɗin 2020. Wata shida za ki nema. Uku ba za su isa ba, damina ta zauna, manoma na gona, hanyoyi sun ɓaci.

Don Allah kada ki yarda da "ba komai, ki ci gaba" ta fatar baki. Jami'in da ya faɗa min haka a waya, shi ne ya dawo da fayil ɗina har sau uku da jan biro, wai wa ya ba ni izinin sayen katin waya da kuɗin mota. Ko kallona bai yi ba, yana ta danna wayarsa. Dubu tamanin na mayar daga aljihuna, ana tsakiyar rashin albashi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Duk kuɗin da za ki ɗauke daga wani layi na kasafin zuwa wani, sai da amincewa a rubuce, rasit kuma ki ɗauki hotonsa nan take, tawadar na gogewa.

In za ki koma hira ta waya, fara kai gyaran tsarin gaban kwamitin ɗa'ar bincike, ki duba ko izininki bai ƙare ba, yawanci na shekara ɗaya ne. Ki rage tambayoyi su tsaya minti 20, in sun wuce haka caji ko haƙuri zai ƙare. Kira bayan magariba, ki naɗi amincewar mutum da muryarsa.

Babbar matsalar hira ta waya ita ce samun mata. Waya na hannun maigida, shi zai amsa, shi zai ce "haka ne" a madadinta. Ki samu 'yar ƙauyen mai karatu, ki ba ta waya mai KoboCollect, manhajar cike fom da ke aiki ba intanet, da takunkumi da sabulu, ta shiga gida-gida. Kowane fom a sa alamar na waya ne ko na ido da ido, don ranar kare aiki sai an tambaye ki.