Ƙarfin ɗaure notin juyen mai a tsohuwar mota ƙirar Porsche 911

Malam, ka tambaya ko za ka iya ɗaure notin juye da ƙarfin hannu kawai. Ba na ba ka shawarar yin haka. Jikin injin 911 mai sanyaya da iska ba baƙin ƙarfe ba ne, alminiyam ne ko magnisiyam, kana matsawa da yawa haƙoran ramin za su cinye, gyaran kuwa akwai wahala.

Nemi sifana mai auna ƙarfi, ka bi adadin Nm (ma'aunin ƙarfin ɗaure noti) na littafin shekarar motarka, don yana bambanta. Noti biyu ne fa, na tankin mai da na inji. Sa sabuwar washa kowane juye, mai kuma ya fi fita idan inji da ɗumi. Filta dai hannu ya wadatar.