Kafin ka kwance kalifa, buɗe notin iska

Ka tambaye ni me ya sa na hana ka kwance kalifar Golf ɗin nan, wato abin da ke matse faifan birki, alhali direban ya ce motar tana jan shi dama, ƙafar gaba tana ƙauri, kai ma ka taɓa rim ɗin ka ji shi kamar kaskon tuya. Abin da ka gani gaskiya ne, birki yana riƙewa a wannan ƙafar. Amma wa ke riƙe shi? Ba ka sani ba tukuna, ni ma haka. Ajiye sifanar nan, yaro, matso kusa.

Ɗaga ƙafar a jak, ka sa mata wejin kirki. Taka birki sau uku ko huɗu, ka saki, ka zo ka juya faifan da hannu. Ya ƙi juyawa ko? To, sassauta ɗan notin da muke cire iska da shi. In man birki ya yi tsartuwa da ƙarfi, faifan kuma ya saku nan take, kalifa ba ta da laifi. Mai ne ya je ya kasa komawa. Yawanci tiyon robar da ke kai mai ga kalifa ne: a tsohuwar mota cikinsa yakan ruɓe ya kumbura, ƙarfin ƙafarka ya tura mai ya wuce, wajen dawowa hanya ta toshe. Daga waje kuwa sumul za ka gan shi. In ƙafafun gaba biyu ne suka riƙe tare, bar tiyo, je ka duba masta, famfon da ke tura man in ka taka birki. Ina yaron gareji na taɓa sa wani mai tasi ya sayi kalifa, na ɗaura, bai kai kwanar gidan mai ba ya dawo taya na hayaƙi. Maganar da maigidana ya faɗa mini ran nan ba ta maimaituwa.

In ka buɗe notin mai ya ɗiga kawai, faifai na nan daram, to yanzu ka samu izinin taɓa kalifa. Ko a nan ma fistin ne na ƙarshe.

Fara da fil biyun da take zamewa a kansu. Fistin ɗinta a gefe guda yake, sai ta zame sannan fad ɗin waje, wato takalmin birkin da ke gugar faifai, ya kama. Zare su. Lafiyayyen fil da yatsu biyu yake fita. Wanda robarsa ta yage, ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya bi baya, sai ka same shi ya bushe ya yi ja da tsatsa. Fad ɗin ma zai ba ka labari: in kai ɗaya ya cinye ɗayan na da kauri, kamar bakin gatari, fil ɗaya ne ya maƙale. Goge su, ka kankare tsatsar inda kunnuwan fad ke zama, ka shafa giris ɗin birki, mai silikon. Kada na ga ka ɗebo giris ɗin boris ko baƙin mai. Robar birki ba ta shiri da duk abin da ya fito daga fetur, kumbura take yi, bayan wata biyu motar ta dawo da ciwon da ta zo da shi. Kuma kada ka bar kalifa tana reto a jikin tiyo, rataye ta da waya.

Sai fistin. A cikin kalifa akwai wani zoben roba mai kusurwa huɗu. In ka taka birki yakan ɗan lanƙwashe, in ka saki ya miƙe ya jawo fistin baya, ɗan kaɗan, bai kai kaurin farce ba. Babu wani sifirin a ciki, shi kaɗai ke wannan aikin, shi ya sa tsatsa kaɗan ta ishe ta kayar da shi. Tsatsar kuwa ba daga waje kawai take zuwa ba. Man birki, DOT 3 ko DOT 4, yana shan danshin iska, don haka ake so a canza shi duk shekara 2. Wa ke yi a nan? Ciko kawai ake yi har ya koma kalar shayi.

Fitar da fistin, ka wanke shi da man birki mai tsabta, ban ce fetur ba. Bi jikinsa da farce. In dauɗa ce kawai, sabon kit na robobi ya wadatar. In farcenka ya faɗa rami, ko fatar ƙarfen ta ɓare, an gama da shi, sanfefa ba ta cike rami. A nan ne za mu aika kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a nemo wata kalifar, kuma ko ta gwanjo aka kawo, sai ka ɗaga robarta ka leƙa kafin a biya.

Ran da aka kawo maka tsohuwar mota Sharan kuma, fistin ɗin bayanta murɗa shi ake yi yana shiga, saboda birkin hannu a cikinsa yake. In ka matse shi da ƙarfi, ka kashe kalifa.

In ka haɗa, fad ɗin da ya ƙone ya tafi, a canza na dama da na hagu tare. Wajen cire iska kada ka kai feda ƙasa, don can ƙarshen tsohuwar masta akwai tsatsar da robarta ba ta taɓa bi ta kai ba. Kafin motar ta motsa, taka birki har ya yi tauri, ka zaga da ita, ka dawo ka kusantar da bayan hannunka ga rim biyun, ɗuminsu ya zo ɗaya.

Yanzu shiga ka taka mini birkin. Ni zan riƙe notin.