Amsa ga ƙanwata mai shawarar sayen injin yankan takarda

Assalamu alaikum, 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ƙanwata, na saurari muryarki sau biyu, na kuma buɗe hotunan nan uku da kika turo, na katin suna da na furannin da kika manna a bangon falo. Tambayarki ita ce ko ki ɗauki kuɗin adashinki ki sayi injin yankan takarda irin Cricut, domin a ganinki rashin inji ne ya sa aikinki bai kai na waɗanda kike gani a Instagram ba. Ni kuwa da na ƙura wa hotunan ido ban ga laifin almakashinki ba ko kaɗan, yankanki ya fita tsaf. Abin da na gani shi ne kati ya tsage a wurin ninki, tawadar hatimi ta malale ta ɓata rubutu, furanni biyu kuma sun sunkuyar da kai. Ko ɗaya daga cikin ukun nan ba sai da inji ake gyara shi ba. Babban aikinsa yankan takarda ne, kuma sai da wuta, sai da waya ko kwamfuta, ga shimfiɗarsa mai danƙo da wuƙarsa da suke cinyewa a nemi sababbi. Don haka ki bar kuɗinki inda suke tukuna, mu yi maganar takarda da tawada da gam.

Takarda da nauyinta ake saninta, wato giram nawa take yi a kowace murabba'in mita, kuma lambar tana nan a jikin ƙunshin idan kin duba. Farar takardar da ake hoto da ita a shaguna, mai 500 a ƙunshi, giram 80 ce. Kwalin da ya dace da gangar jikin kati yana farawa daga 220 zuwa 300. Manyan furannin bango kuwa sun fi son 160 zuwa 180, domin a nan ne kunnen fure yake lanƙwasuwa a jikin fensir ya kuma riƙe lanƙwasarsa. Naki na bango, ko ba ki faɗa ba, na san da takarda mai launi ta giram 80 kika yi su, shi ya sa suka langaɓe. Idan kin shiga kasuwar Sabon Gari wurin masu kayan rubutu, kada ki ce a ba ki kwali mai kyau, domin kowane kwali mai kyau ne a bakin mai sayar da shi. Ki ambaci lambar, ki ce a nuna miki ita a jikin ƙunshin.

Tsagewar ninkin nan kuwa dalilinta biyu ne. Na farko, ba ki ja layi ba kafin ki ninke. Ki samu biron da tawadarsa ta ƙare, ki ɗora rula, ki ja layi da ɗan ƙarfi a inda za ki ninke, sannan ki ninke a hankali ki goge da bayan cokali. Na biyun shi ne wanda mutane ba su cika kula da shi ba: takarda tana da jijiya, kamar yadda itace yake da ita, zarurrukanta duk gefe ɗaya suka kwanta tun daga masana'anta. Ki ɗauki falle ɗaya ki lanƙwasa shi a tsaye ba tare da kin ninke ba, ki sake lanƙwasa shi a kwance, za ki ji wani gefen ya fi laushi a hannu. Ninkin da ya bi gefen mai laushi ba ya fashewa, wanda ya gitta jijiyar kuwa shi ne yake tsagewa har farin cikin kwalin ya leƙo, musamman a hunturu lokacin da komai ya bushe ƙamas. Game da girma kuma kada ki wahalar da kanki. Fallen A4 idan aka raba shi biyu yana ba da A5 guda biyu, kowanne idan aka ninke shi ya zama kati mai faɗin milimita 105 da tsawon 148, wanda yake shiga ambulan ɗin C6 daidai. Ke kin yanka naki yadda ranki ya so, yanzu kuma kina cigiyar ambulan da zai ɗauke shi.

To, sai maganar tawada, kuma a nan ku yi mini haƙuri, domin wurin yana yi mini ciwo har yau. Tawadar da kika yi amfani da ita, wannan shuɗiya irin ta ofis da ake buga wa rasit, an yi ta ne domin takardar da take shan ruwa. Ba bushewa take yi a sama ba, nutsewa take yi cikin takardar. Idan kika buga ta a kan kwali mai sheƙi, wanda aka shafe fuskarsa, ba ta da inda za ta shiga, sai ta zauna a sama tana jiran yatsan da zai taɓa ta.

Ni da kaina na sha wannan ruwan. Shekarun baya wata baiwar Allah, gwaggon amarya, ta kawo mini aikin katin kamu guda 200, a watan Agusta, ruwa kullum. Na nuna mata samfur a kan kwali marar sheƙi, ruwan madara, da ƙananan furanni uku a kusurwa da hatimin dagi a ƙasa, ta ce sam, ita mai ƙyalli take so, wai marar sheƙin ya yi kama da katin asibiti. Na biye mata, kuma laifina ke nan, domin ban gwada tawadar a kan sabon kwalin ba. Na yini ina bugawa, da dare na jera su ɗaya bisa ɗaya na ɗora littafi a kai don su miƙe. Da asuba na ɗaga, kowane kati ya buga dagin nasa a bayan ɗan uwansa, wasu ma sun manne. Ɗari biyu cif. Furanni 600 da na shafe kwanaki ina murzawa, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da reza ina ɓamɓarowa, kusan sulusi suka yage. Da na kira ta na gaya mata gaskiya, ba ta ce sannu ba, cewa ta yi ita dama an gaya mata ba na iya babban aiki. Na sayi sabon kwali da kuɗina, na kwana biyu ban runtsa ba, na kai mata aiki ranar da muka yi alkawari, ta kuma rage mini kuɗi, wai kwalin ba mai ƙyallin da ta zaɓa ba ne. Daga baya ita ce ta riƙa nuna katin a wurin biki tana cewa ita ta tsara. Na ce Agusta, to ba Agusta ba ne, ƙarshen Yuli ne, domin yara ba su daɗe da samun hutu ba, su ne ma suka taya ni ɓamɓarar furannin. Har yau ragowar katunan nan suna cikin wata jaka a ƙasan gado, duk wadda ta zo koyo sai na zazzage mata su ta gani. Kuɗin da ta rage ban taɓa bi ba, amma ban manta adadinsu ba. Bari in bar wannan haka.

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne tawadar hatimi iri uku ce a wurin masu wannan sana'a. Akwai ta rini, mai ruwa-ruwa, tana nutsewa ta bushe nan take a kan kwali marar sheƙi, sai dai rana tana kashe launinta. Akwai mai kauri wadda garin launi ne a cikinta, tana zama a saman takarda, launinta ya fi fitowa ko a kan kwali mai duhu, amma tana jinkirin bushewa, a damina sai ki baza katunan a kan tabarma ƙarƙashin fanka, kada ki kuskura ki jera su. Ta ukun ita ce wadda ake bugawa a kan abu mai santsi, irin StazOn, tana kama kwali mai sheƙi da leda har da gilashi. Idan ba ki samu ta ukun ba, ki ƙi karɓar aikin kwali mai sheƙi, ko mai aikin ta yi fushi.

Shi kansa hatimin, na ga naki ya fita biyu-biyu a gefe, alamar kina jijjiga shi ne bayan kin ɗora. Ki shimfiɗa tsohuwar mujalla a ƙarƙashin katin, ki ɗora hatimin sau ɗaya, ki danna da tafin hannu, ki ɗaga shi sama kai tsaye. Idan babba ne, ki kwantar da shi rigingine ki riƙa dangwala masa tawadar a kai, ya fi ɗauka daidai. Ba lallai ne ki yi odar hatimi daga waje ba. Masu yin hatimin ofisoshi da suke zama kusa da kotuna da sakatariya za su yi miki duk zanen da kika kai musu, kuma ƙananan ganye da ɗigo da dagi ni da magogin fensir nake sassaƙa su da reza. Ki dai tuna rubutu a juye ake sassaƙa shi, ki duba a madubi kafin ki sa reza. Wankinsa da tsumma mai ɗan laima ne, kada kananzir ko fetur su taɓa shi, suna cinye roba. Wani abu kuma da nake roƙon kowa a nan: kada a sassaƙa aya ko sunan Allah a hatimin katin biki. Kowa ya san inda katin gayyata yake ƙarewa bayan an watse, a ƙasa ne ko a kwandon shara. "Barka da arziki" ko "Muna gayyatarku" sun wadatar.

Ɗazu na yi wa takardar giram 80 rashin adalci, bari in gyara. A bango ne ba ta da amfani. Ƙananan furannin da ake yanka da'ira a bi ta a zagaye kamar maganin sauro, sannan a naɗe daga waje zuwa ciki, da ita suka fi kyau, domin kwali mai kauri ba ya naɗuwa ƙanana, kuma furen da ya yi tudu da yawa ambulan yana murƙushe shi. Takardar nan mai tamoji kuwa, mai miƙewa idan an ja, ita ma tana da ƙa'idarta. Ki yanka kunnen furen yadda layukan tamojin za su tashi daga gindi zuwa kai, sannan ki sa manyan yatsunki biyu a tsakiya ki ja gefe da gefe, zai yi zurfi kamar cokali. Idan kika yanka a gicciye, ko kin ja ba zai yi kwarmi ba. Mai giram 180 da ake kawowa daga Italiya ta fi miƙewa da riƙe siffa, siririyar da ake ado da ita a makarantu kuwa ɗigon ruwa ɗaya ya ishe ta ta zubar da rininta a kan farin kati.

Saura gam. Farin gam irin Top Bond ruwa ne a cikinsa, idan ya yi yawa kati yana kumbura ya yi tudu da kwari, don haka da tsinken sakace ake ɗibarsa. Kada ki dama sitaci ko fulawa ki ce za ki yi tattali, kyankyaso da gara kike gayyata, kuma su ba sa duba wahalar da kika sha. Gam ɗin kyandir da ake sa wa a bindiga shi ne na manyan furanni. Na san idan babu wuta wasu suna kara sandar a harshen kyandir, to hayaƙin yana baƙanta shi, kuma baƙin yana nunawa ta cikin takarda mai haske. Ki tara aikin gam ɗinki sai an kawo wuta. Shi ma yana da maƙiyi, wato zafi. A watan Afrilu kada ki bar furannin jere a cikin mota a rana, gam ɗin yana sakin jiki, ki isa gidan amarya ki tarar kunnuwan sun zame.

Na kuma lura a hotonki kai tsaye kika manna furannin a jikin fenti. Ranar da za ki cire su da fentin za su taho, idan gidan haya ne kuma kin jawo wa kanki magana da mai gida. Ki yanka da'irar kwali mai ƙarfi, ko na katan ɗin taliya ne, ki gina furen a kanta, ki maƙala ɗan zare a baya ki rataye a ƙusa. Haka zai ba ki damar saukewa ki kaɗe ƙurar hunturu da burushin kwalliya mai laushi, domin tsumma mai ruwa ba ya kusantarsu. Bangon da kika zaɓa kuma yana kallon taga, jan nan da kike alfahari da shi ba zai kai babbar salla da launinsa ba, ki mayar da su bangon da rana ba ta dukansa.

Kafin ki taɓa katunan sunan nan da suka rage, ki yanki ɗan gutsure daga kwalin, ki buga hatimin a kai, ki bar shi minti goma, ki goga yatsa, sannan ki kifa wani gutsuren a kansa ki ɗora littafi ya kwana. Gobe da safe ki ɗauki hoton duka biyun ki turo nan, tare da hoton lambar da take jikin ƙunshin kwalin, ita ce nake so in gani da idona.