Tambaya da Amsa: Ruwan hoda a famfon tirela mai ɗaki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi tirela mai ɗaki 'yar Kwatano, irin wadda ake ɗaurawa a bayan mota, da kicin da bayi a cikinta, don kwana a gonar shinkafa. Da na buɗe famfo sai wani ruwa mai launin hoda ya fito, hitar ruwa kuma ta ƙi cika. Ɗana da ke karatu a Kanada ya ce shirin sanyi aka yi mata, wai ni ma in riƙa yi kafin hunturu. Yaya ake yin sa, kuma dole ne? Daga mai karatu a Argungu, Jihar Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ɗanka ya gane abin da aka yi wa tirelar, amma shawararsa ta can ce. Ruwa sai ya kai digiri sifili yake daskarewa, kuma idan ya zama ƙanƙara yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Kumburin nan ne ke tsaga kayan ruwa a Amurka da Kanada. Hunturun Kebbi, duk da jaurarsa da tsagewar leɓe, ba ya kai wa nan. Don haka kada ka kashe ko kwabo a kan maganin daskarewa, wato wancan ruwan hoda da ka gani. Sai dai ya kamata ka san yadda aka ɗaure abin, don ka iya kwance shi ba tare da ɓarna ba.

Can ƙasashen sanyi, da hita ake farawa: a kashe mata gas da lantarki, a bari ta huce. Sai a juye tankunan da ke ƙarƙashin tirela, guda uku ne: na bayi tukuna, sannan na ruwan wanka da wanke-wanke don ya ɗauraye tiyon da ake juyewa da shi, sai na ruwan sha. A cire matatar ruwa. A ɗaga ɗan bawul ɗin da ke saman hita don iska ta fita, kafin a kwance murfin da ke ƙasanta. Wanda ya kwance shi da zafi, ruwan zai feso masa a jiki. Ƙarƙashin tirelar akwai gajerun fayif biyu da suka leƙo, galibi ja da shuɗi, na tsiyaye ruwan zafi da na sanyi. Su ma a buɗe su.

Daga nan sai a karkatar da ruwa daga hita. A bayanta, ta cikin ɗaki, akwai bawul ɗaya zuwa uku da ake murɗawa don ruwa ya bi ta gefe ya wuce ta. Dalilin kuɗi ne: hitar irin waɗannan tireloli takan ci galan 6, kusan lita 23, wasu ma galan 10, alhali sauran fayif ɗin duka galan 2 zuwa 3 na magani ya ishe su. Wannan karkatarwar ce ta hana taka cika. Ba lalacewa ta yi ba.

Wasu sukan hura iska da kwampreso ta mashigar ruwa, ƙarfinta tsakanin psi 30 zuwa 40 a ma'aunin matsin iska, suna buɗe famfo ɗaya bayan ɗaya. Idan ta wuce haka takan kwance mahaɗai. Iska kuma ba ta fitar da ɗan ruwan da ke maƙale a injin tura ruwa da bawul ɗin masai, kuma su ne kan fara tsagewa. Shi ya sa ake bi da magani: a tsoma tiyon tsotso na injin a cikin galan, a kunna, a buɗe famfo mafi kusa, na sanyi sannan na zafi, har hoda ta fito. Haka za a bi shawa, masai da shawar waje da ake yawan mantawa da ita, a kuma zuba kofi guda a kowace magudana.

Wancan ruwan hoda an yi shi ne musamman don fayif ɗin ruwan sha, yawanci da sinadarin propylene glycol. Ba shi ne na lagireton mota ba. Na mota ethylene glycol ne, guba ce mai lalata ƙoda, ga ta da zaƙi-zaƙi mai jan yara da dabbobi. Duk makanikin da ya ce ai duk ɗaya ne, kada ka ba shi tirelarka.

To, ga naka aikin. Bar hita a karkace yadda ka same ta. Cika tankin ruwan sha, kunna injin, buɗe kowane famfo har launi da kumfa su ɗauke. Sannan ka mayar da murfin hita, ka naɗa masa farin tef ɗin masu gyaran famfo, ka murɗa bawul ɗin da ke bayanta don ruwa ya koma shiga cikinta, ka bar famfon ruwan zafi a buɗe har ya daina tari, ruwa ya zubo santal. Sai a lokacin za ka kunna ta. Wanda ya ba wa hita wuta babu ruwa a cikinta, nan take ƙarfen dumamawar zai ƙone. Ka kuma duba rubutun jikinta: kayan Amurka da Kanada na wutar bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce, sai da taransifoma mai rage ƙarfi. Kada a jona ta kai tsaye da janareta.

Kafin a sha ruwan, a wanke tanki da bilic marar ƙamshi, mililita 60 ga kowace lita 57 da tankin ke ci. Dama shi a bokitin ruwa tukuna, zuba, cika tanki, buɗe famfuna har ka ji warin bilic, ka rufe ka bar shi aƙalla awa 4. Juye, ɗauraye har warin ya tafi.

A nan gida, abin tsoro shi ne ruwa ya kwanta cikin zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40. Idan an gama girbi za a ajiye tirelar, ka yi rabin farko na shirin sanyin: juye tankuna uku, tsiyaye hita da fayif, ka tsaya nan. Hitar da aka bari da ruwa makonni takan yi warin ruɓaɓɓen ƙwai. Idan murfinta na haɗe da doguwar sandar ƙarfe mai kare tanki daga tsatsa, duba ta. In ta cinye saura siririyar waya, canza ta.

Busasshiyar iskar hunturu ma na da tata ɓarnar. Tana ƙafar da ruwan da ke tsaye a gwiwar magudana, wanda shi ke toshe warin tanki, tana kuma busar da robar masai har ta daina riƙe ruwa. Duk mako biyu a zuba musu ruwa kofi-kofi. Ruwan fadama ko na rijiyar burtsatse mai yashi kuwa a tace shi kafin ya shiga tanki, a riƙa kwance 'yar matatar da ke bakin injin ana wankewa. Sannan ka buɗe ƙofar hita ta waje ka leƙa bututun da gas ke ci: zanzaro na son gina ɗakinsa na laka a ciki, kuma idan ya toshe, wutar za ta yi ja da baƙin hayaƙi maimakon shuɗiya. A kashe gas, a share shi da siririn buroshi kafin a sake kunnawa.